Kundin da Kwamfutarka Kaɗai Ke Buɗewa, Ba Ka Gama Shi Ba Tukuna

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Kudu. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman waɗanda suka shiga zangon rubuta kundi.

Akwai wata jumla da duk wanda ya zauna a harabar jami'a lokacin miƙa aiki ya san ta: "Wallahi a kwamfutata yana buɗewa." Za ka ji ta a ƙofar ofishin sufabaiza, za ka ji ta a kafe, za ka ji ta a ɗakin difens ana jiran majigi ya kawo hoto. Kuma mai faɗin ta gaskiya yake faɗi, a kwamfutarsa yana buɗewa. Matsalar ita ce ba kwamfutarsa ce za ta ba shi maki ba.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Fayil ɗin da ba ya buɗewa sai a wajenka, aikin da bai ƙare ba ne, ko da kuwa ka kai shi shafi ɗari biyu. Mun saba ɗaukar abin a matsayin tsautsayi, mu ce ƙaddara ce ta faɗa wa bawan Allah. Ƙaddara gaskiya ce, amma yawancin abin da ke hana fayil buɗewa yana da sanadi sananne, yana da magani sananne, kuma rigakafinsa ba ya cin minti goma. Sashenmu na da nasu laifin, masu kafe na da nasu, zan zo kansu. Amma kaso mafi girma a hannunmu yake.

Me ya sa na ware mu 'yan Arewa? Dalili uku ne.

Na farko nisa. Da yawanmu makaranta tana Ibadan ko Legas ko Nsukka ko Fatakwal, amma wurin binciken yana Kano ko Sakkwato ko Gombe. A gida muke rubuta babi na uku da na huɗu, wani a laftof ɗin yayansa, wani a waya. Ɗalibin da gidansu ke bayan makaranta, idan malam ya ce fayil bai buɗe ba, gobe da safe zai kawo wani. Kai da kake Funtuwa, saƙon zai same ka bayan kwana huɗu, malam ya riga ya wuce kan aikin wasu, ka rasa layinka. Sati biyu sun tafi, wani lokaci zango guda, ga kuɗin makaranta ga kuɗin haya.

Na biyu, rubutunmu yana ɗauke da abin da na sauran ɗalibai ba ya ɗauke da shi: haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma Larabci. Ko ba Hausa kake karantawa ba, in bincikenka na noma ne ko lafiya ko zamantakewa, sunayen garuruwa da na tsirrai da maganganun waɗanda ka yi hira da su za su shigo. Mai kafe a nan bai taɓa ganin ƙ ba, ba zai gane ta lalace ba, zai buga maka kwafi shida ya ɗaure.

Na uku ba daɗin faɗi, amma mun san shi. Akwai masu kallon ɗan Arewa a matsayin wanda bai iya kwamfuta ba. Kallon ba adalci ba ne, domin wannan matsalar tana samun kowa da kowa. Sai dai idan ta sami wani sai a ce fayil ya lalace, idan ta same ka sai a ce ai ka san aboki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada mu tsaga masu bangon.

To yanzu bari mu shiga cikin maganar. Kalmar "bai buɗe ba" tamkar "ba ni da lafiya" ce, ciwo daban-daban ne ke ƙarƙashinta. In ba ka rarrabe su ba, za ka sha maganin zazzaɓi a kan ciwon haƙori.

Ciwo na farko: abin da ka ɗauko ba fayil ɗin ba ne.

Wannan ya fi kowanne yawa, kuma ya fi kowanne ban haushi. Mutum zai ga sunan kundinsa a fuskar kwamfuta, ya ja shi cikin filash, alhali shotkot ne, alama ce kawai mai nuna inda ainihin fayil ɗin yake. Za ka gane shi da 'yar kibiya a kusurwar hoton. A kwamfutarka yana buɗewa saboda ya san hanyar gida, a ta wani kuwa adireshi ne ba gida. Haka nan duk lokacin da ka buɗe takarda, Word yana ƙirƙirar wani ɗan ƙaramin fayil ɓoyayye mai suna irin na takardar, sai dai yana farawa da alamar ~$. Ba komai a cikinsa sai sunan wanda ya buɗe takardar. Masu amfani da OneDrive su lura da alamar gajimare a gefen fayil: ma'anarta yana intanet, ba ya cikin na'urar. Fayil mai ƙarewa da .gdoc shi ma manuniya ce zuwa Google Docs. Sai kuma wanda aka turo ta WhatsApp ko imel, netwok ya yanke bai gama sauka ba.

Duk waɗannan gwaji ɗaya ne ke tona asirinsu: dubi nauyin fayil ɗin. Kundi mai babi biyar da jadawalai da hotuna ba zai taɓa zama kilobait ɗaya ko biyu ba. Kwatanta nauyin wanda ke filash da wanda ke kwamfutarka. In sun bambanta, ba sai an kira kowa ba.

A nan ne kuma bairas ɗin kafe yake shigowa, wanda ke mayar da duk foldojin filash shotkot. Mutane da yawa na ganin haka sai su yi wa filash fomatin cikin fushi, su goge aikinsu da hannunsu. Yawanci bairas ɗin bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi. Kada ka danna shotkot ɗin, dannawar ce ke kunna shi. A kwamfuta mai tsabta, a fara wanke filash ɗin da antibairas, sannan a buɗe Command Prompt, a rubuta harafin filash ɗin, misali E: a danna Enter, sai a rubuta attrib -h -r -s /s /d *.* a sake danna Enter. Sau da yawa za ka ga kayanka sun dawo. Kuma ka sa Windows ya riƙa nuna maka wutsiyar sunan fayil ta hanyar kunna File name extensions, domin abin da kake gani "Babi1" yana iya zama Babi1.exe.

Ciwo na biyu: fayil lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ba ta jin yarensa.

Ba duk takardar da aka rubuta a kwamfuta ce takardar Word ba. Word kansa yana da tsari biyu. Tsohon shi ne .doc, wanda aka yi amfani da shi har zuwa Word 2003. Sabon shi ne .docx, wanda ya zo da Office 2007. Tsohon Word ba ya buɗe sabon tsari sai an ƙara masa wata manhaja ta daidaitawa. Masu Mac da iPhone suna da Pages, fayil ɗinsa .pages ne, kuma Word ba ya buɗe shi. LibreOffice nasa .odt ne. WPS Office, wanda ke cikin wayoyin yawancinmu, yana iya adanawa a .docx amma yana da nasa tsarin .wps.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a goge wutsiyar sunan a rubuta .docx a wurin. Wannan canza wa tuwo suna ne kawai, abin da ke cikin kwanon bai canza ba. Hanyar ita ce a koma manhajar da ta haifi fayil ɗin a yi Save As ko Export, a zaɓi Word. In babu na'urar a kusa, mai fayil ɗin Pages zai iya shiga iCloud ta burauza ya sauke shi a tsarin Word.

Har filash ɗin kansa yana da yare. Wanda aka yi wa fomatin a tsarin Mac, Windows ba ya karanta shi, sai ma ya tambaye ka ko ya yi masa fomatin. Ka ce a'a. Tsarin exFAT shi ne wanda dukansu biyun ke karantawa kuma suke rubutawa a kai.

Ciwo na uku: kwamfutar ce ta tare shi a ƙofa.

Windows yana yi wa duk fayil ɗin da ya zo daga intanet alama, Word kuma sai ya buɗe shi a Protected View, da wani layi ruwan ɗorawa a sama. Wani lokaci ma sai ya ƙi buɗewa ya ce an samu kuskure. Danna fayil ɗin da maɓallin dama, shiga Properties, in ka ga Unblock a ƙasa ka zaɓe shi. Amma a yi wannan ga fayil ɗin da aka san mai shi kaɗai. Kuma duk takardar da ta ce sai ka kunna makro, rufe ta. Kundin digiri ba ya buƙatar makro.

Akwai kuma dogon suna. Windows a bisa al'ada ba ya son cikakken adireshin fayil ya wuce haruffa 260, wato sunan fayil haɗe da sunayen duk foldojin da ke samansa. Wasunmu taken bincikensu gaba ɗaya suke mayarwa sunan fayil, kalma ashirin da biyar, cikin folda cikin folda. Kwafe shi zuwa fuskar kwamfuta, ka rage sunan, ka sake gwadawa. Sai kuma Word ɗin da lasisinsa ya ƙare: zai nuna maka takardar amma ba zai bari ka taɓa ta ba. Wannan matsalar kwamfutar ce, ba ta fayil ɗinka ba. Batun kalmar sirri kuwa gargaɗi ɗaya ne: in ka kulle takarda ka manta kalmar, kamfanin Microsoft da kansa ya ce ba zai iya dawo maka da ita ba.

Ciwo na huɗu: fayil ɗin ya lalace da gaske.

An ɗauke wuta ana cikin adanawa, ko an zare filash ba a sallame shi ba, ko filash ɗin jabu ne, irin wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi, yana karɓar kaya har ya wuce cikinsa sai ya fara cinye na farko. A nan dokar farko ita ce: yi kwafin fayil ɗin, ka yi duk gwaje-gwajenka a kan kwafin. Kada ka bari wani gwani ya yi tiyata a kan na asali.

Sai a bi matakai. Buɗe Word tukuna, shiga Open, zaɓi fayil ɗin amma kada ka danna sau biyu. Akwai 'yar kibiya a gefen maɓallin Open, a ƙarƙashinta za ka ga Open and Repair. In bai yi ba, gwada LibreOffice, kyauta ne, kuma sau da yawa yana haƙuri da fayil ɗin da Word ya ƙi. Ko ka ɗora shi a Google Drive ka buɗe da Google Docs. In duk sun ƙi, a wannan akwatin na Open akwai zaɓin Recover Text from Any File, wanda ke ciro abin da ya samu na rubutu ba tare da ado ba.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: fayil ɗin .docx jakar zip ce da aka canza wa suna. Yi kwafi, mayar da wutsiyar .zip, ka buɗe. Za ka ga folda mai suna word. A cikinta akwai document.xml, nan duk rubutunka yake, da kuma folda mai suna media, nan hotunanka suke. Ko da tsarin ya rushe, sau da yawa ana iya ceto kalmomin, kuma kalmomin su ne aikin. Jera shafi kwana biyu ne, sake tunanin wata shida kuwa wani abu ne daban. A kwamfutar da aka yi rubutun kuma a duba Recover Unsaved Documents, domin Word yana ajiye kwafin gaggawa duk bayan minti 10 in ba a canza masa ba.

Shawara ɗaya a nan: kada ka ɗora kundin da ba a kare ba a kowane shafin intanet da ya ce yana gyara fayil kyauta. Ba ka san inda zai ƙare ba, ga sunaye da maganganun mutanen da suka amince maka a ciki.

Ciwo na biyar, kuma a ganina shi ne mafi haɗari: ya buɗe, amma ba shi ba ne.

Wanda ya ƙi buɗewa ya yi maka adalci, ya faɗa maka akwai matsala. Wannan kuwa shiru zai yi sai a gaban kwamiti. Sababin farko shi ne samfurin haruffa, abin da muke kira font. Takardar Word ba ta tafiya da font ɗinta, sunansa kawai take ɗauka. In kwamfutar da ta je ba ta da shi, sai a ara mata wani, faɗin haruffa ya canza, layuka su zame, jadawali ya rabu biyu, lambobin shafi su saɓa da abin da ke shafin ƙunshiya. Calibri ne Word ke farawa da shi tun 2007, sabon Microsoft 365 kuma ya koma Aptos, wanda tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Sai girman takarda: Word da yawa suna zuwa a kan Letter na Amurka, mu kuwa A4 muke bugawa, milimita 210 da 297. Letter ya fi shi faɗi, A4 ya fi tsawo. Wannan ɗan bambancin ya isa ya motsa kowane shafi.

Yanzu namu na gida. Kafin haruffanmu su samu a kwamfutoci yadda suke yau, an yi font na musamman don Hausa, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa harshen hidimar da ba za a manta ba. Dabarar irin waɗannan font ɗin ita ce a ɗauki maɓallin wani harafi a ɗora masa hoton harafi mai ƙugiya. A wasu, q ce ke fitowa a matsayin ƙ, x a matsayin ɗ, v a matsayin ɓ. A wasu kuma alamomin baka ne aka ara. Muddin font ɗin yana kwamfutar, komai daidai. Ranar da babu shi, "ƙasa" ta koma "qasa" ko "}asa", "ɗaya" ta koma "xaya" ko "]aya". Duk mun taɓa ganin irin wannan rubutun a intanet, daga nan ya samo asali.

Yau ba ma buƙatar wannan aron. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, manyansu kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. A Word, rubuta lambar ka danna Alt da X tare, harafin zai fito. Mafi sauƙi ma ka ƙara allon rubutun Hausa a Windows, ko a Gboard a waya. Harafin da aka rubuta ta wannan hanyar ƙ ce ta gaske a ko'ina. Times New Roman na Windows na yanzu yana da su, haka Charis SIL da ake saukewa kyauta. In tsohon font ka riga ka yi amfani da shi, Find and Replace zai canza su, amma a yi hattara: in kundin da Turanci ne, sauya duk v zuwa ɓ zai ɓata kalmomin Turancin. A bi ɗaya bayan ɗaya, ko a taƙaita shi ga wuraren da ke da wannan font ɗin.

Masu Larabci su ma haka. Font irin su Traditional Arabic da Sakkal Majalla ba sa zuwa kai tsaye a kowace Windows 10, ƙari ne da ake saukewa, kuma da wuya kwamfutar kafe a nan ta samu. Ayoyin da aka saka da manhajar Mus'hafin Madina kuwa suna dogara da font nasu na musamman. In babu su, abin da zai fito a wurin ayar tarkacen alamomi ne. Wannan ya wuce batun maki. Bai dace a buga kundi da aya a wargaje ba.

'Yan kimiyya da injiniya, ku naku lissafi ne. In ka adana takarda mai sababbin ma'aunan lissafi a tsohon tsarin .doc, sai su koma hotuna, ba a iya gyara su a haka. Tsohuwar manhajar Equation Editor 3.0 kuma Microsoft ya cire ta a 2018. Masu Zotero da Mendeley su kuma su sani manazartar da ke cikin takardar a ɗaure take da manhajar, yawo da ita daga waya zuwa kwamfuta zuwa wata manhaja yana iya tsinka igiyar. Ka ajiye naka kwafin mai igiya, ka cire igiyar a kwafin ƙarshe da za a buga.

Na san abin da wasu za su ce.

Wani zai ce ai magana ta ƙare, a riƙa tura PDF kawai. PDF yana riƙe shafi yadda ka bar shi, da font ɗinsa da komai, shi ya sa ba na ganin hujjar kai wa mai kafe takardar Word don bugawa. Amma sufabaiza yana buƙatar ya yi gyara da sharhi a cikin rubutun, wannan kuwa a Word ya fi yiwuwa. Don haka a tura biyun tare: .docx don gyara, PDF don shaida. In jadawali ya karkace a wajensa, zai duba PDF ya ga ba haka ka bar shi ba.

Wani zai ce duk wannan maganar masu laftof ce, ni a waya nake rubutu, a kafe nake gyarawa. Wannan ƙorafin gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Amma duba abin da nake nema: adanawa a .docx, sa A4, zaɓar Times New Roman, fitar da PDF, tura wa kanka ta imel. Wanne ne ke buƙatar kuɗi? Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, Gmail yana ɗaukar fayil har megabait 25, Word na burauza kyauta ne ga mai asusun Microsoft. Marar laftof ma shi ya fi buƙatar wannan tsarin, domin fayil ɗinsa ya fi yawo.

Wani kuma zai ce aikin ɗalibi bincike ne, ba gyaran kwamfuta ba. Na yarda. Amma tela ma aikinsa ɗinki ne, kuma ya san yadda ake sa wa keke zare da mai. Shekara biyu za ka yi da wannan manhajar, ita ce keken ɗinkinka.

Duk da haka ba zan wanke makarantu ba. Sassa da yawa suna da ƙa'ida dalla-dalla a kan faɗin gefen shafi da launin bangon kundi, amma babu layi ɗaya a kan irin fayil ɗin da za a miƙa. Kwamfutar ɗakin difens ta tsufa, ba wanda ya san wane Office ke kanta, kuma ba a barin ɗalibi ya gwada kafin ranar. Gyaran nan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Shafi ɗaya ya isa: ga tsarin fayil, ga font, ga girman takarda, a haɗo da PDF, kuma ɗakin difens a buɗe yake kwana ɗaya kafin ranar don gwaji. Wakilan aji su kai wannan buƙatar cikin ladabi, a rubuce. Malamai kuma, don Allah, in fayil ya ƙi buɗewa a sanar da ɗalibi a ranar. Saƙon layi ɗaya ne a wajenku, sati biyu ne a wajensa.

Masu kafe su ma a riƙa tambayarsu. Wanda kwamfutarsa ke cike da bairas, ka tura masa PDF ta WhatsApp ko imel, filash ɗinka ya zauna a aljihu. Kuma kada a ɗaure kundi sai ka duba kwafin farko da idonka, shafi bayan shafi.

Sai ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa. Muna taron tarbar sababbin ɗalibai, muna walimar yaye tsofaffi, muna tara kuɗi in wani ya kwanta asibiti, Allah Ya saka da alheri. Me zai hana a ware awa ɗaya a kowane zango, a zauna da laftof biyu ko uku, 'yan kimiyyar kwamfuta na cikinmu su nuna wa sauran waɗannan abubuwan a aikace? A sa wa kowa allon Hausa, a koya masa Ctrl da Enter don fara sabon shafi maimakon danna Enter sau ashirin, a nuna masa Embed fonts in the file da ke ƙarƙashin Options da Save, wanda ke sa takarda ta tafi da font ɗinta. A tabbatar 'yan uwanmu mata sun samu zaman a lokacin da ya dace da su, domin da yawansu ga karatu ga hidimar gida, ba su da sararin zaman kafe har dare ana neman gyara.

Kafin a kai ga wannan, ga abin da kowa zai iya farawa yau. Kundi ya zauna a wuri uku: na'urarka, filash, da intanet. Kada ka yi rubutu kai tsaye a kan filash, kwafo shi tukuna. Duk babban gyara, sabon suna mai kwanan wata, irin Babi3_14Maris, a daina "final" da "final final" da "final na gaskiya". Sannan gwajin da ya fi kowanne: kafin ka tura wa malam, tura wa abokinka ya buɗe a tasa na'urar, ya faɗa maka adadin shafukan da ya gani, ya duba shafi ɗaya mai jadawali da ɗaya mai ƙ ko Larabci. Kai ma ka yi masa haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyayenmu sun sayar da amfanin gona, wasu sun ci bashi, mun yi tafiyar kwana a mota mun zo nan. Bai kamata abin da zai tsaya tsakaninmu da takardar shaida ya zama shotkot mai kilobait biyu ba. Wanda ya san wani da ke rubuta kundi yanzu, ya isar masa da wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya mayar da mu gida da abin da muka zo nema, Ya sa ilimin ya amfane mu da al'ummarmu. Amin.